Ka Ce Targaɗe Ne

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri zan dame ka, kai da aka kwantar shekara biyu ke nan. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Tun a makarantar allo aka koya mana cewa addu'a da sadaka ne ke isa ga mamaci, kuma ina yi. Sai dai akwai maganar da ban san wanda zan kai wa ba.

Gida lafiya. Inna tana fama da sanyin ƙashi, yanzu a zaune take salla. Shagon telan da ke jikin gidanmu ya koma ɗakin ajiyar atamfa, kamar sauran layin. Yaya Sani ya riƙe ɗori a zaurenka. Mutane suna zuwa, ba kamar da ba, amma suna zuwa.

Ni ina nan a aikin da ka ba ni tun ina budurwa. In mace aka kawo, ni nake shiga ɗaki da ita in taɓa, in faɗi abin da hannuna ya ji, Yaya kuma daga bayan labule ya faɗi sunan ciwon. Kai ka koya mini bambancinsu. Targaɗe kumburi ne da zafi, ƙashi lafiya lau. Gocewa, gaɓa ce ta bar mazauninta. Tsagewa, ƙashi ya tsage bai rabu ba. Karaya kuwa hannu yana jin ƙashi yana gugar ɗan'uwansa. Ka ce iri biyu ne ba a ɗora su a zaure: wadda ƙashi ya huda fata ya fito, da karayar kwatangwalo a jikin tsoho. Har alamarta ka nuna mini: ƙafa ta gajarta, tafinta ya kwanta waje, mutum ya kasa ɗaga dunduniya daga tabarma. Amma faɗin suna bai taɓa zama nawa ba.

Ranar da santsi ya kwashe ka a bakin famfo kana alwala, ni na fara zuwa kanka. Ka ce targaɗe ne. Na shafa maka man shanu, na naɗa tsumma yadda ka ce. Ka fi wata guda a kwance, har gyambo ya fito a bayanka, tari ya biyo baya. Da aka kai ka asibitin ƙashi, likita ya ɗaga hoton ƙugunka ga haske ya nuna mana inda ya rabu. Ya ce su suna kiranta karayar wuyan ƙashin cinya, kuma da an zo a makon farko da an yi aiki. Ya tambayi wanda ya fara duba ka. Ban ce ni ce ba. A takardar rasuwarka ciwon huhu suka rubuta. Kwana ne ya ƙare, wannan ban taɓa ja da shi ba.

Abin da ban faɗa maka ba shi ne, na gane tun ranar farko. Na ga tafin ƙafarka ya kwanta waje. Nauyinka na ji. Ta yaya 'ya za ta gyara wa ubanta sunan ciwo a sana'ar da ya tsufa a cikinta? Kai fa, Baba, ka sani? Ko ba ka so a ce an ɗauki mai ɗorin unguwa an kai shi asibitin ƙashi? Ko jira kake in yi magana?

Ga dalilin takardar. Ka tuna Mama Nkechi ta Sabon Gari, mai sayar da busasshen kifi, wadda ka ɗora wa hannu shekarun baya, take aiko maka da kifi duk Kirsimeti? Ta tsufa sosai. Shekaranjiya ta faɗi a matakalar gidansu, ta ƙi asibiti, ta ce gidan Baba za a kai ta. 'Yarta ta kawo ta a adaidaita sahu. Na shiga da ita, na taɓa, na gwada ƙafafun biyu. Ta dama ta gajarta da kamar yatsa biyu, dunduniya ba ta tashi. Na faɗa wa Yaya haka, ban rage komai ba. Sai ya ce gocewa ce, a ɗaure, nan da kwana arba'in za ta taka. Ni na ɗaure da hannuna. Tana ta sa mini albarka da Hausarta, tana cewa hannuna irin naka ne.

Ba na ce Yaya ya yi da gangan ba, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Shi bai ga ƙafar ba, abin da na faɗa kawai ya ji, kuma zaure cike yake da mutane. Amma in na je na ce wa 'yar Mama Nkechi ta kai ta a ɗauki hoto, kafin Juma'a magana ta zagaya daga Sabon Gari zuwa Fagge, cewa 'yar gidan da kanta ta ƙaryata ɗorin gidan. Yaya ba zai sake kirana ɗaki ba, Inna ma ba za ta ji daɗi ba. In na yi shiru kuma, na riga na san yadda wata guda a kwance yake ƙarewa.

Na yi istihara sau biyu, zuciyata ba ta canja ba. Ina so dai in san ko ka yarda in faɗi sunan da kaina, a gidan da ba namu ba.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe mana ni da kai. Ka amsa mini da wuri, Baba, ko a mafarki ne. In ban ji daga gare ka ba, gobe bayan azahar zan sa mayafina in tafi Sabon Gari.

'Yarka,
Hajara