Ranar da Ruwa Ya Ja Desreen

Jirgin Marisela, tashar Belize City
Asabar, 9 ga Maris, 1996

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen Hopkins. Ya ƙafar Mama? Ka ce mata ta daina zuwa gona da rana tsaka, ko da yake na san ba ji za ta yi ba.

Yanzu muka dawo daga Turneffe, kwana shida a teku. Baƙi goma sha ɗaya sun sauka, wasu za su hau da yamma, don haka a tsaye nake rubutun nan, direban motar Dangriga da zai tafi da takardar yana jira. Sau huɗu nake shiga nutso da baƙi kullum, gashina ya koma kamar ɓawon kwakwa. Anti Verna, mai dafa mana abinci, ta ce in na ci gaba a haka sai dai in auri kunkurun ruwa.

Baƙo ɗaya bai sauka ba, mako biyu zai yi. Sunansa Mista Dunmore, daga Kanada, shekararsa saba'in da ɗaya. Kyaftin Gabourel ya ce ni zan riƙa shiga da shi, mu biyu kawai. Ya iya nutso, ba ya gaggawa, ba ya shanye iskar tukunyarsa da wuri. Sai dai ba ya magana. Jiya na ɗiba masa abincinmu na gida, hudut, da aka yi mana mu ma'aikata, ya cinye kifin da ayabar tas, ya shanye romon kwakwar, ya ce, "Da matata ta so wannan." Iyakar hirar da na samu ke nan a mako guda.

Gobe za mu Lighthouse Reef. Kada ka fara, Baba. Na san karatun: ruwan can ba abin wasa ba ne, mace mai takardar makaranta ofis ya kamata ta nema. Na haddace tun bara.

Ku ajiye min gurasar rogo. Ka gaida Mama sosai.

'Yarka,
Desreen


Hopkins
Alhamis, 14 ga Maris

Desreen,

Ina gaishe ki, in dai kina inda gaisuwa za ta same ki.

Jiya wajen ƙarfe ɗaya ina gyaran raga a rumfar masunta, rediyon jirage a kunne, muka ji ana miƙa saƙo daga jirgi zuwa jirgi. Mutum biyu sun shiga ruwa a Lighthouse Reef tun safe ba su fito ba, dattijon Bature da mace jagora. Ba a faɗi suna ba. Jirage nawa ne a can masu jagora mace? A rumfar ba wanda ya yarda ya kalle ni. Da yamma wani ya ce an same su, wani ya ce ɗaya aka samu.

Wayar shagon Ciego ta lalace tun Lahadi. Da sassafe na hau mota zuwa Dangriga na kira ofishinku. Yarinyar da ta ɗauka sabuwa ce, ba ta san komai ba sai abu ɗaya: an same su duka biyu da rai. Na sa ta maimaita sau uku. Sannan na zauna a dakalin gidan waya, na daɗe ban tashi ba.

Mamanki ban gaya mata komai ba jiya. Ta ga ban taɓa abinci ba, ta ɗauki ɗankwalinta ta tafi coci ba tare da ta tambaye ni ba.

Amma "da rai" iri-iri ne. Na ga waɗanda aka ciro da rai, ƙafarsu ba ta sake taka ƙasa ba. Ki rubuto da hannunki. Kada ki yi mini barkwanci a ciki.

Allah ya tsare ki.

Babanki,
Crispin Lambey


Jirgin Marisela
Asabar, 16 ga Maris

Zuwa ga Mista Crispin Lambey,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka da iyalinka lafiya. Ni ne Aldo Gabourel, kyaftin ɗin jirgin da 'yarka take aiki. Wasiƙarka ta iso yau da safe. Ta karanta, ta ce in amsa maka, domin yatsunta sun kumbura ba ta iya riƙe biro. Gishiri ne da rana kawai. Tana tafiya da ƙafafunta, tana ci, tana kuma yi mini gardama. Likita ya duba su duka biyu yau ya sallame su.

Ga abin da ya faru. Ranar Laraba ƙarfe tara na safe suka shiga ruwa kusa da Half Moon Caye. Ƙarfe goma kowa ya fito ban da su. Na sauke ƙaramin kwalekwale muka nufi kudu, domin da safe can ruwan yake ja. Awa uku muka ɓata a banza. Wannan kuskurena ne, kuma na faɗa mata. Daga baya na zuba ruwa rabin jarka, na jefa ta daidai inda suka shiga, sai na ga ta nufi yamma. Ashe ruwan ya juya. Muka bi jarkar da babban jirgi.

Ƙarfe uku da kwata, mai dafa abincinmu da ke saman rufi ta hango walƙiyar madubi. Mil huɗu ruwa ya ja su. Mun same su ɗaure da juna da igiya. Ta zubar da ɗamarar dalmar da ke nauyaya su, ta hura wa rigunansu iska, ta rufe kan dattijon da hularta. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, Mista Lambey. Babu abin da ya kamata ta yi wanda ba ta yi ba.

Na ba ta hutun mako guda ta zo gida, ta ƙi. Ban san dalili ba, ban kuma matsa mata ba.

Ka isar da gaisuwata ga uwargida.

Naka cikin girmamawa,
Aldo Gabourel


Jirgin Marisela
Asabar, 23 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama. Ga hannuna, ka duba da kyau. Fatar hancina ce kawai take saɓulewa. Ka yafe min dakalin gidan wayan nan.

Akwai abin da kyaftin bai sani ba. Muna ƙafa tamanin a ƙasa, a jikin gangaren murjani, sai Mista Dunmore ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihun rigarsa ya buɗe. Wani abu kamar toka ya bazu a ruwa. Kafin in gane, ya bar jikin gangaren yana bin tokar, yana yin ƙasa. Na buga tukunyata da wuƙa, bai waiwayo ba. Sai a ƙafa ɗari da ashirin na cafko shi ta baya. Lokacin mun riga mun fita inda ruwa yake ja. Ba yadda za a yi in haura da shi da sauri, kai ma ka sani, jininsa zai yi kumfa. Muka hau a hankali, ruwa yana tafiya da mu. Da muka fito, jirgin ya koma kamar akwatin ashana.

Na hura usur har maƙogwarona ya bushe. Ina kallo kwalekwalen ya sauka, ina kallo ya juya mana baya.

Na ce masa, "Mene ne a gwangwanin nan?"

Ya ce, "Tokar gawar Lorna ce. Matata. A nan muka fara nutso tare. Ta ce in kawo ta."

Na ce, "Ta ce ka bi ta?"

Ya ce, "Ban sani ba ko bin ta nake yi."

"To yanzu ka sani?"

"Yanzu dai ƙishirwa nake ji."

Wallahi dariya ta kama ni, Baba, a tsakiyar teku. Daga nan na fara kiransa Kaka. Wajen ƙarfe ɗaya leɓunansa suka tsage, ya fara gyangyaɗi. Ya ce, "Kwance igiyar nan, 'yata. Ke da ƙarfinki, kina iya kaiwa tsibiri."

Na ce, "Kaka, Anti Verna ta riga ta soya kifinka. In na koma babu kai, ni za ta sa in cinye biyu. Rufe baki, gishiri yana shiga."

Na sa shi ya jero min sunayen jikokinsa. Shida ne. Duk sanda idonsa ya fara rufewa sai in ce, "Wa ke bin Colin?" In ya yi kuskure in sa shi ya koma farko. Ya ce ban da tausayi, ko malamar lissafinsa ta fi ni. Hannuna ɗaya yana riƙe da wuyan rigarsa, ɗaya yana juya ɗan madubina wajen inda nake zaton jirgin yake.

Ƙarar injin na fara ji ta cikin ruwa, a ƙirjina, kafin in ga komai. Sai muryar Anti Verna daga sama, "Ga 'yar banzan can! Ga ta can!" Da aka jawo ni, sai da ta zabga min tawul a baya sannan ta rungume ni tana kuka. Ta ba mu ruwan sukari a kofin roba. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba. Na kwanta a kan katakon jirgi mai zafi, ina jin abu mai tauri a ƙarƙashina, na ce kada wanda ya taɓa ni.

Kaka ya tafi Asabar da ta wuce. Ya ce ba gidansa zai koma ba, wajen 'yarsa za shi a Halifax. Ya riƙe hannuna sosai, sannan ya sauka daga jirgin.

Yanzu ga abin da ya sa ban zo ba. Tun ranar ban sake shiga ruwa ba. Ina sa kaya, ina ɗaukar tukunya, in zo bakin matakala, sai ƙafafuna su ƙi. Ruwan a kwance, fari tas, ana ganin yashi, amma su ƙi. Mako guda ke nan ina cika wa mutane tukwane ina wanke gilashin nutsonsu. Kyaftin yana yi kamar bai gani ba. Na ji kunyar in zo gida a haka, ka kalle ni ka ce dama ka faɗa.

To ka faɗa. In ka ce in dawo, zan dawo. Wannan karon babu gardama.

'Yarka,
Desreen


Hopkins
Talata, 26 ga Maris

'Yata,

Mun gode Allah. Gaisuwa daga ni da mamanki da rabin gari. Takardar kyaftin na karanta ta da ƙarfi a rumfar masunta, sau biyu, har da wajen kuskurensa, don su san mutumin kirki ne. Mamanki ta dafa tukunyar da ta ishi layinmu duka. Taki wasiƙar ni kaɗai na karanta.

Kin taso kina jin ana cewa ciwon kunne ne ya raba ni da nutso. Kunnena lafiya lau. A 1968 ni da ƙanena, baffanki Eustace, muna nutson katantanwa a Glover's Reef, da numfashinmu kawai. Ya sauka bai taso ba. Na bi shi, na ciro shi, na danna cikinsa a kwalekwale har ya amayar da ruwan. Bayan kwana uku ya koma nutso yana fito. Shi da ya sha ruwan ya koma. Ni da na ciro shi, na zo bakin kwalekwale ƙafafuna suka ƙi. Na ce gobe. Na ce bari wata ya ƙare. Sai na ce kunne. Shekara ashirin da takwas ke nan ina jefa raga daga sama. Ko mamanki ba ta sani ba, ko kuma ta sani ta rufa mini asiri.

Ba aikinki nake ƙi ba. Duk ranar da na san kina ƙarƙashin ruwa, ni nake ji a gwiwoyina, sai in huce a kanki da zancen ofis.

Ba zan ce ki dawo ba. Ki shiga tukuna. Ko ƙafa goma ne, inda yashi yake, da wanda kika yarda da shi a gefenki. Kada ki jira ƙafafun su yarda, ba za su yarda ba. Bayan nan in kin ga dama ki bar aikin, na san ke kika bari da kanki.

Allah ya yi miki albarka. Kin kyauta wa tsohon nan.

Babanki


Jirgin Marisela
Asabar, 30 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da godiya. Wasiƙarka ta zo a jirgin kawo kaya ranar Alhamis. Juma'a da safe na shiga. Ƙafafun ba su yarda ba, na dai faɗa. Ƙafa goma sha biyar, minti ashirin, kyaftin da kansa a gefena. Na durƙusa a yashi na yi kuka har gilashina ya yi hazo. Da rana na sake shiga, da baƙi huɗu.

Ina zuwa Asabar mai zuwa a motar ƙarfe biyu, zan yi Ista a gida, kwana biyar. Ka ari kwalekwalen Baffa Eustace ranar Litinin. Akwai wajen nan bayan South Water Caye da ruwa bai wuce ƙirji ba. Zan zo da gilashin nutso guda biyu.

Ba sai ka amsa ba. Ka gaida Mama.

'Yarka,
Desreen