Zanen Baba Ya Fito Daga Ƙarƙashin Siminti

Yaya Adamu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya Anti Rabi da yara? Ƙafar nan ta yi sauƙi? Mu nan Jekadafari lafiya lau.

Ka tuna simintin da Kawu Sale ya sa aka shafe bangon zaurenmu da shi? To, ruwan makon jiya ya ɓamɓaro shi, dama ya daɗe yana kumbura. Sai ga zanen da marigayi Baba ya yi a kan ƙofa, har sawun yatsunsa na nan. Inna ta daɗe tana shafa wurin.

Shi kuwa Kawu wai a rushe zauren a gina shaguna. Na ce wallahi sai dai a rushe da ni! Ya dai haƙura. Mun ɗebo jar ƙasa daga Kwadon, an jiƙa makuba, ɓawon ɗorawar nan da ke ƙara wa yaɓe ƙarfi. Magini ya ce ginin garau yake, yaɓe kawai yake so da sabon indararo.

Ka taya mu addu'a ruwa ya ɗaga mana ƙafa har yaɓen ya bushe. A gaida kowa. Inna ta ce ka kawo yaran su ga hannun kakansu.

Ƙanwarka,
Hauwa