Ɗuri Biyu a Bindigar Malam

Gangara, daren Laraba, ranin 1992

Gobe da asuba maharba za su daji neman barewa, Malam maigidana ya rantse da shi za a tafi, shi da ba ya ganin akuya sai ta yi kuka. Da la'asar ya ɗura wa bindiga albarushi, baƙo ya yi sallama, ya dawo ya sake ɗurawa. Ɗuri biyu kuwa fasa bindiga yake a hannun mutum.

Na ce, "Malam, ka fa riga ka ɗura."

Ya ce, "Dimokuraɗiyya ta zo, har ke kin zama maharbiya?"

Da ya fara minshari, na tuttula wa bindigar ruwan buta ta baki. Gobe zan sha zagi har gaban jikoki. Ya zage ni da hannuwansa biyu lafiya lau, na yarda.