Kowa Ya Rubuta Alhamdulillahi

Gyadi-Gyadi, Kano

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da su Ummi. Ya zafin Jidda, ya ƙafar taki? Inna ta samu sauƙi.

Kin tambayi binciken da nake yi kan gajiya da damuwar ma'aikatan jinya. Yaya, ya rushe. Da sojoji suka koma bariki na ɗauka bakin mutane zai buɗe, na yi ta bin su da takardun tambayoyi har gidajensu a Tarauni. Inda na tambayi yadda suke ji bayan aiki, kusan kowa Alhamdulillahi ya rubuta.

Sista Hadiza maƙwabciyarmu, da idona na gan ta tana kuka a bayan ɗakin haihuwa, kwana biyu ba ta leƙa gida ba. Na ce ta rubuta hakan. Ta ce, "Malama, in yi ƙorafi da hannuna, wasu ko aikin ba su da shi? Ai butulci ne ga Allah."

Farfesan da ke duba aikina ya ce takardun sun nuna babu matsala, in sake batu. Makon jiya Hadiza ta faɗi a bakin aiki, hawan jini, ɓarin jikinta ya shanye. Na je dubiya na ce ya jiki. Kin san amsar.

Yanzu ina koya wa ɗalibai yadda ake auna damuwa, ni kaina ban yarda da abin da nake faɗa ba.

Ki sa mu a addu'a in kin je Harami. Ki gaida kowa. Ni kuwa, tunda za ki tambaya, Alhamdulillahi.

Ƙanwarki,
Asma'u