Hoto na Talatin da Shida a Kyamarar Auta

Zuwa ga ƙanwata, Maman 'Yan Biyu,

Ina yi miki sallama, da gaisuwa mai tsawo gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa gwiwarki sauƙi, na ji an ce har yanzu a kan kujera kike salla. Mu nan da sauƙi. Uwargidana tana fama da hawan jininta, tana shan magani in ta tuna. Babbar 'yata ta sauka lafiya, an sami namiji, kowa ya ce da ni yake kama, na ce Allah ya sa kamar ta tsaya a fuska. Ni kuwa ina nan yadda kika bar ni, daga ɗaki zuwa ƙofar gida, ina karanta jaridar da maƙwabci ya riga ya gama da ita. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Akwai maganar da in mutum ya fara ta a waya, tari ɗaya daga can ɓangaren ya isa ya sa ya haɗiye ta. Takarda kuwa ba ta tari.

Maganar kyamarar ƙaninmu Auta ce, Allah ya jiƙansa. Bayan kin koma da kamar wata biyu, matarsa ta aiko mini da ita a naɗe cikin tawul, daga baya ta zo da kanta. Ta ce akwai fim a ciki wanda bai kai ga cirewa ba ciwo ya kwantar da shi. Lambar da ke sama tana nuna talatin da biyar, saura hoto ɗaya fim ɗin ya ƙare. Ta ce akwai ke a ciki, ranar da kika zo duba shi, akwai 'yan matansa, akwai kuma guda ɗaya da ya ɗora kyamarar a kan tebur ya danna mata lokaci, ya lallaɓo ya zauna kusa da ita matar. Kin san Auta, shekara arba'in yana ɗaukar mutane, shi bai yarda a ɗauke shi ba, in aka ɗaga masa waya sai ya juya ƙeya. Wannan ne kaɗai hoton da suke tare tun na aurensu. Ta ce ni ta kawo wa don ni ne babba, ni ne kuma mai ilimin gidan, zan san inda har yanzu ake wanke irin wannan fim. Mai ilimin gidan. Na daɗe ban ji an kira ni haka ba.

Wataƙila kin manta lokacin da kyamarar ta shigo gidanmu, bari in tuna miki. Shekarar ce na zo na ɗaya a makarantarmu gaba ɗaya, Auta kuwa ya faɗi jarrabawa karo na biyu. Baba ya dawo daga tafiya da akwati ƙarami, ya kira ni ya miƙo mini ɗan littafin da ke ciki, ya ce in karanta in fassara masa. Na tsaya a tsakar gida na karanta shafi ashirin da huɗu ba tare da na yi tuntuɓe ba, yadda ake saka fim, yadda ake auna haske, yadda ake ja da babban yatsa bayan kowane hoto. Ina karantawa ina murna, don na ɗauka ladan na ɗayan da na zo ne. Da na gama sai Baba ya ɗauki kyamarar ya rataya wa Auta a wuya. Ya ce ni Allah ya riga ya ba ni jarina a ka, wannan kuwa ba shi da komai sai ƙafa da baki. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Littafin dai ban mayar ba. Duk shekarun nan yana cikin akwatina, tare da takardun shaidata.

Kin ga abin da jarin kai ya saya mini. Shekara talatin da biyar a ofishin ajiyar takardu, ina jera fayil ɗin mutanen da na fi su karatu, ranar da na bar aiki aka ba ni agogon bango. Auta da ƙafa da bakin nan ya shiga kowane gida a garin nan. Ke shaida ce ranar rasuwarsa, layinmu bai ɗauki mutane ba, tsofaffi suna zaro hotuna daga aljihu suna nuna mini, wai shi ya ɗauka. Ina karɓar gaisuwa ina lissafa a raina mutum nawa za su zo tawa. Ban ji daɗin kaina ba, amma lissafin na yi.

To abin da na gaya wa matarsa, da uwargidana, da duk wanda ya tambaya, shi ne kyamarar ta maƙale, tsufa ne ya kama ta. Ba haka ba ne, kuma ke ce ta farko da za ta ji. Lafiya lau ta zo. Kwana uku tana kan kabad ban taɓa ta ba. Rana ta huɗu da hantsi, uwargida ta tafi asibiti, gida ba kowa, na kwance tawul ɗin. Ƙanwata, nauyinta kawai. Fatar igiyar ta yi laushi, gefen da babban yatsansa ke zama ya goge har farin ƙarfe ya fito. Na rataya ta a wuya, daga ni sai singileti, na tsaya gaban madubin kabad. Na ɗora ta a ido yadda yake yi, na gyara gilashin har na ga kaina sarai, na danna. Ƙarar nan ta fito, irin wadda muka saba ji daga nesa tun muna yara. Sai na ji ina son in ƙara ji. Na ja ɗan hannun da ke juya fim, ya zo rabi ya cije. Shafi na goma sha ɗaya na littafin ya ce in ya cije, fim ya ƙare, kada a tilasta. Ni na fassara wa Baba wannan layin da bakina. Na tilasta. Wani abu ya yi ƙas a ciki, daga nan ba gaba ba baya.

Na kai ta wurin mai gyaran agogon nan na bakin kasuwa, wanda ake kira Mai Tabarau, don shi ke duba wa Auta ita tun da daɗewa. Shagonsa bai fi tabarma biyu ba, fitila ɗaya a kan tebur, kwalaye cike da ƙananan noti. Yana ganinta ya gane ta, har ya shafa ta kamar mai gaida jariri. Ya kara ta a kunne, ya ɗan taɓa hannun, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce fim ya tsinke ya naɗe haƙoran ciki, kuma hannun da ya saba da ita ba ya yi mata haka, Auta ko a barci yana jin inda take tsayawa. Na ce wataƙila yara ne. Ya ce i, yara suna da ƙarfi a zamanin nan.

Ya ce hanya biyu ce, in zaɓa. In gyara nake so, dole ya buɗe ta a ƙarƙashin fitila ya zare fim ɗin daga haƙoran ɗaya bayan ɗaya da idonsa. Kyamara za ta tashi kamar sabuwa, amma haske zai cinye hotunan duka. In kuwa hotunan nake so, zai saka ta cikin baƙar jaka, ya zura hannu biyu, ya ɓalle abin da ya riƙe fim ɗin da laluben yatsu. Fim zai fita, wataƙila a rasa ɗaya ko biyu, amma haƙoran za su karye, kuma an daina yin irinsu tun kafin a haifi 'ya'yanmu. Na ce ya ba ni mako guda.

Ba zan ɓoye miki ba, mako guda na yi ina gina wa kaina hujja. Na ce fim ya daɗe a zafi, wa ya sani ko akwai komai a kai. Na ce kyamara gadon Baba ce, ba a farfasa gadon uba saboda takarda. Na ce zan iya gaya wa matar Auta an gwada ba a dace ba, ta yi kuka ta haƙura, ni kuma kyamara ta zauna a wurina, tunda 'yan matansa ba ruwansu da ita. Har na fara tunanin inda zan sayi sabon fim. Kuma a ƙarƙashin duk wannan akwai hoto na talatin da shida. In aka wanke, matar Auta za ta buɗe ambulan tana neman mijinta, ta tarar da yayansa cikin singileti yana kwaikwayonsa a gaban madubi. Mai ilimin gidan.

Shekaranjiya matar Auta ta zo gaida uwargida. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce ranar da suka ɗauki hoton nan, wai ta ƙifta ido ko ba ta ƙifta ba, abin yana damunta, don Auta ya ce mata kada ta motsa ita kuma dariya ta kama ta. Ta ce in dai shi ya fito da kyau, ita ko ta rufe ido ba komai. Na ce mata in sha Allahu. Tana fita na ji haushinsa ya sake taso mini sabo, mutum yana kabari amma har yanzu akwai mai damuwa ko ya fito da kyau.

Jiya da safe na koma wurin Mai Tabarau na ce ya kawo baƙar jakar. Na zauna a kan benci ina kallon fuskarsa yana lalube, idonsa a rufe, har na ji ƙarar karyewar. Ya fito da fim ɗin a cikin ɗan gwangwani, ya naɗe da baƙin salatif, ya ba ni sunan wani da ke wankewa a babban gari. Ya tambaya ko in ce wa mai wankin ya yanke na ƙarshen, tunda nan ne ya tsinke. Na ce a bar shi.

Don haka in hotunan sun iso, zan aiko miki da naki. Na ƙarshen kuma kada ki yi wahalar neman fuskata a ciki. Na tuna yadda na tsaya. Hoto ɗaya tak na taɓa ɗauka a duniya, kuma kyamarar Auta ce ta rufe mini fuska.

Gawar kyamarar tana nan a kan kabad, na ɗora ɗan littafin a kanta. Yanzu duka biyun nawa ne.

Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da maganin idon da ya aiko. Ki gaida 'yan biyu, da autarki mai surutu, da surukarki in tana gane mutane har yanzu. Uwargida tana gaishe ki, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, zan gaya mata da kaina kafin ambulan ya riga ni. Ki sa Auta a addu'a, in da saura ki sa ni.

Naki,
Yayanki Babba