Jinin da Ake Hangowa Daga Bencin Baya

Silver Spring, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Babana, Katikis Davou,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya gwiwar nan taka? Ina fatan ƙanwata Yashim tana matsa maka kana shan magani. Ni lafiya ƙalau, sai sanyi.

Saƙonka ya iso. Baba Chollom, dattijon cocinmu na nan, ya tare ni da shi a bakin ƙofa, kowa yana ji. Wai in dai zan rubuta cewa likkafanin da ke ajiye a wancan cocin na Faransa ba shi aka naɗe Yesu da shi ba, to in cire sunanka daga bangon littafin digirina.

Baba, ba zan cire ba. Na san hoton likkafanin nan yana rataye a kan gadonka tun rasuwar Mama, ni ma don in goyi bayansa na shiga wannan binciken. Amma shekara biyu ina bin jirgin ƙasa zuwa laburaren jami'a, sai ga tsohon littafin sujadar cocin, na kusan shekara ɗari bakwai. A ciki an tsara wasan safiyar Ista: limaman coci uku su yafa mayafi a matsayin matan da suka je kabarin Yesu, su leƙa kabari, su fito da farin zane su ɗaga wa jama'a. Mai yiwuwa zanen wasan ne aka adana, har aka manta asalinsa.

Taka,
Atine

Silver Spring, 10 ga Maris

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, ko da yake ka daina ɗaukar wayata. Abin yana cin raina, ba zan ɓoye ba.

Bari in faɗa maka abin da ban faɗa ba. Littafin bai gama da ni ba, hotunan likkafanin ne suka gama. Kusurwa biyu na sama sun yi baƙi da maiƙon hannu, na ƙasa tas. Tabon jinin kuwa ya fi faɗin faranti, babu sukan mashi da zai bar haka. Ina gani na gane, domin kai ka koya mini. Wa ke shirya wasan Ista a Bukuru shekara ashirin? Ni ce mai dama zoɓo da sitaci, kana tsaye a kaina kana cewa, “Ƙara, Atine, na bencin baya ma jini suka zo gani.”

Tsofaffin Zumuntar Mata na cocin sun san zanen da muke ɗagawa na gadon Mama ne, amma kuka suke yi shaɓe-shaɓe. Ƙarya ka yi musu? Ni ban yarda ba. Wanda ya shafa wancan tabon ma katikis ne irinka, mai son na baya su gani. Ba tashin Yesu daga matattu na taɓa ba, zane na taɓa.

Taka,
Atine

Silver Spring, 29 ga Afrilu

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yashim ta ce kumburin ya sauka, na gode wa Allah.

Jiya na kare aikina a gaban malamai, na ci. Baba Chollom ya riga ya hana ni karanta Littafi Mai Tsarki a sujada, ban roƙe shi ba. Ɗaya daga cikin malaman ta tambaye ni inda na samo wannan ido, tunda masana da yawa sun kalli tabon ba su lura ba. Doka ce a ambaci wanda aka ɗauki ilimi a wurinsa, don haka na ambace ka. Yanzu sunanka yana bango, yana kuma shafi na tamanin da ɗaya, a jerin masana. Cire shi sata ce, kai kuma ba ɓarauniya ka haifa ba.

Ina zuwa gida a watan Yuli. In ka rufe ƙofa, a dakali zan zauna har ka gaji ka buɗe.

'Yarka, ko ka so ko ka ƙi,
Atine Davou