Leɓen Auta

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya jiki, ya shagon ɗinki?

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Mama ta kira ni tana kuka, ta ce ka koma magana kai kaɗai. A bakin keken ɗinki leɓenka na motsi, a tsakar gida ma haka, kamar bara kafin a kwantar da kai. Kawu ya ce a mayar da kai asibiti kafin abin ya yi nisa, kuma ni aka ɗora wa zuwa da mota ranar Asabar. Raina bai so ba, amma tsoro nake ji. Muryoyin nan sun dawo? Ka daina shan magani? Ka gaya mini gaskiya.

Taka,
Yaya

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida maigidanki da yara.

Magani ina sha, ko sau ɗaya ban tsallake ba. Muryoyin kuwa ba dawowa suka yi ba, dama ba su gama tafiya ba. Maganin ya rage su sosai, saura 'yan tsiraru masu naci.

Na lura a sallar Magariba, da liman ke karatu a bayyane, ba sa samun wurin shiga. A Azahar da La'asar, da an yi shiru, sai su cika mini kai da zagi har in rasa raka'ar da nake. Na kai kukana wurin liman. Ya tambaye ni yadda nake karatun sirri, na ce a zuci, baki rufe. Ya yi dariya ya ce, "Ai sirri ba rufe baki ba ne. Motsa harshe, ka jiyar da kanka."

Na gwada, sai suka ja baya. Na gaya wa likitata, ta ce wasu masu irin ciwona suna samun sauƙi haka, in ci gaba, amma kar in kuskura in bar ƙwaya. Shi ya sa ko ina ɗinki, da sun taso sai in kama istigfari.

Abin da Mama ke gani ke nan. Na kasa yi mata bayani ne don da na ambaci muryoyi sai idonta ya cika da hawaye. Yaya, in aka sake kwantar da ni, masu kawo ɗinki ba za su dawo ba. Da ƙyar suka yarda da ni.

Naki,
Auta

Auta,

Salam. Na karanta wa Mama wasiƙarka a waya, na kuma yi magana da likitarka. Babu mota ranar Asabar, Kawu ka bar ni da shi.

Mama ta ce in gaya maka, in sun taso ka shigo ɗakinta ku yi istigfarin tare, wai muryarta ta fi tasu ƙarfi, kai ma shaida ne.

Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya